Tanka da Gammo

Duk namijin da ya tashi a ƙasar Hausa, da wuya a ce bai taɓa ƙera mota ba. In kaka ta yi, an yanke dawa an kai gida, sai ka ga yara sun bazu cikin gonaki suna zaɓen kara mai kauri. A ɓare bayansa, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a yi ta soke-soke har gingimari ta fito da bodinta da komai. Wanda ya ƙara wayo kuma sai ya koma ga langa-langa da gwangwanin madara, ya yanko tayoyi daga tsohon silifa, ya ɗaura zare yana ja yana yi mata kukan inji da baki. Ba a kiran wannan sana'a, ba a kuma kiransa ilmi. Wasan yara ne, ana kuwa sa rai da zarar gemu ya fara tsirowa mutum zai bar shi. To, ni dai ban bari ba. Abin da ya sāke kawai shi ne kara ya zama roba, kirdado kuma ya zama awo.

Abin da nake yi a lokacin da 'yan'uwana ɗalibai suke gidan kallon ƙwallo shi ne harhaɗa ƙananan tankokin yaƙi. Suna zuwa ne cikin kwali, a wargaje, gutsattsari fiye da ɗari, kowane a manne jikin wani reshe na roba da lambarsa a gefe. Aikin mutum ne ya yanke su, ya goge, ya manna, ya yi fenti, har abin ya tashi kamar na gaske da aka shanya ya tsuke. Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne ɗaya bisa 35, watau duk abin da ya kai taku 35 a zahiri, a nan taku ɗaya ne. Mutum mai tsawon mita 1.75 yakan koma santimita 5, tsawon tsinken ashana da 'yan kai ke nan. Wani kamfanin Japan mai suna Tamiya, wanda yake birnin Shizuoka, shi ya yaɗa wannan ma'auni. Asalinsa ma kamfanin katako ne. A 1961 ya yi wata tankar Jamus da ake kira Panther, aka yi girmanta daidai yadda cikinta zai ɗauki batura da ɗan injin da zai tura ta, da aka auna daga baya sai aka tarar ɗaya bisa 35 ce. Ka ji yadda batir ya yanke wa duniya ma'auni.

Tun da mu ɗaliban Hausa ne, kafin in ci gaba sai mun ɗan tsaya a kan suna. Ingila ce ta fara fito da wannan makami a fagen fama, ran 15 ga Satumba 1916, a yaƙin kogin Somme na ƙasar Faransa. Sa'ad da ake ƙera shi an so a ɓoye wa 'yan leƙen asirin Jamus, sai aka riƙa cewa tankunan ruwa ne. Ƙaryar ta bi shi har ta zama sunan yanka. A Turanci kalma ɗaya ce ga abin ruwa da abin yaƙi, amma Bahaushe ya raba su gida biyu. Akwai tanki, namiji, jam'insa tankuna, shi ne na ruwa. Akwai kuma tanka, tamace, jam'inta tankoki, wadda ga alama ta bakin motar dakon mai ta shigo, sa'an nan aka liƙa mata "yaƙi" don a bambanta. A ganina da an bar wa tsofaffinmu zaɓi da 'yar lifida za su ce, domin kuwa aikin da 'yan lifida suke yi a yaƙe-yaƙen da, watau su shige gaba a lulluɓe, kibiya ba ta huda su, su fasa sahun abokan gaba dakaru su biyo baya, shi ne dai aikin tanka. Amma bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Ɗaya kalmar ita ce diyorama. Wani Bafaranshe, Louis Daguerre, wanda aka fi saninsa da ƙago ɗaukar hoto, shi ya sa wa wani gidan kallo nasa wannan suna a Faris a 1822. A wurin masu irin aikina kuwa, ma'anarta ɗan yankin ƙasa da ake ginawa a kan katako, da itatuwa da hanya da mutane, a ɗora tanka a ciki don a nuna wani lokaci guda na wani labari. Ni fage nake ce da shi, kamar yadda muke cewa fagen fama ko fagen dambe, kuma da shi zan ci gaba.

Kwalin da zan ba da labarinsa wani kawuna ne ya zo mini da shi, mai zuwa ƙasar Sin saro kaya. Na ba shi kuɗin da na tara zango biyu, na rubuta masa suna da lamba a takarda. Da ya miƙo mini sai ya jijjiga kwalin a kunne, ya ce, "Ɗana, wannan tarkacen ka hana cikinka abinci dominsa?" Na ce, "Shi ne, Kawu." Ya ce Allah ya shirya.

Tankar da ke ciki ita ce M3, ƙirar Amurka, wadda Ingilishi suka sa wa suna Lee. Wani nau'inta da aka sāke wa kai don biyan bukatarsu kuma suka ce da shi Grant. Lee da Grant janar-janar ne da suka gwabza da juna a yaƙin basasar Amurka na 1861 zuwa 1865, ga shi an haɗa su uwa ɗaya uba ɗaya. Gaskiya ba kyakkyawa ba ce. An yi ta ne cikin gaggawa a 1941, lokacin da ake bukatar babbar igwa mai bakin milimita 75, alhali kuwa masana'antun Amurka ba su gama shirya kan tanka mai juyawa da zai iya ɗaukarta ba. Sai aka tsuguna da igwar a kusurwar dama ta gangar jiki, kamar mai ɗauke da tabarya a hamata, aka ɗora wata ƙarama mai milimita 37 a bisa. Wannan ya sa ta yi tsayi ƙwarai, fiye da mita 3, ana hango ta tun daga nesa. In za a harbi abin da ke can gefe da babbar igwar kuwa, sai an juya motar ɗungurungum. Injinta na jirgin sama ne. Mutum 7 ke shiga cikinta, nauyinta wajen tan 27. Mafi munin aibinta shi ne yawancin jikinta da ƙusoshi aka haɗa shi, ba da walda ba, saboda haka in harsashi ya bugi bayanta, ko bai huda ba, kawunan ƙusoshin sukan ɓalle ta ciki su yi wa mutanen da ke zaune rauni. An ƙera fiye da 6,000 kafin ƙarshen 1942. Ta fara shiga yaƙi a Gazala ta ƙasar Libiya a watan Mayu na wannan shekara, da Sherman ta fito kuma sai aka yi mata ritaya daga can, aka tura da yawa Indiya da Boma.

A Boma ɗin ne ta yi suna, don Japanawa ba su da manyan tankoki a can, abin da suke da shi ramuka ne da suke rufewa da gungume da ƙasa a jikin tuddai. Rundunar Ingila da ake kira 25th Dragoons ta gano dabarar fasa su: a fara da harsashi mai fashewa a share dajin da ya rufe ramin, sa'an nan in dakaru sun matso kusa a koma harba dunƙulen ƙarfe wanda ba ya tarwatsewa, don kada a kashe na gida. Tankar wannan runduna na yi niyyar yi, a wani wuri da ake kira Sinzweya cikin lardin Arakan, wanda yau ake ce da shi Rakhine a ƙasar Myanmar. A can ne cikin Fabrairu 1944 Japanawa suka yi wa wani sansanin Runduna ta 7 ta Indiya ƙawanya kusan mako uku. Sansanin ba na mayaƙa ba ne, wurin akawuna ne da direbobi da masu kiwon alfadarai da asibiti. Jiragen sama suka riƙa jefo musu abinci da harsashi, tankokin nan kuma suka tsare fili, har masu ƙawanyar suka gaji yunwa ta kore su.

Harhaɗawar kanta ba ta da wani asiri sai haƙuri. Kayan aikina reza ce, da abin yankan farce, da matsefata, da samfefa mai laushi. Gam ɗin ba irin na manna takarda ba ne, narkar da robar yake yi ɓangarorin su zama ɗaya, don haka in ya taɓa inda ba a so, ko yatsa ya bi ta kai, tabon ya zauna ke nan. Igwar tana zuwa a tsage biyu kamar an fasa rake, sai an manna an yi ta gugar bakin haɗin har ya ɓace, ba tare da an baje zagayen ba. Sarƙar ƙafa kuwa roba ce mai laushi, da kan ƙusa mai zafi ake like bakinta. A hotunan Boma da yawa za ka ga an cire 'yar hasumiyar da ke can ƙololuwa, saboda haka ni ma na cire, na yanka murfi daga tsohon katin waya. Duk wannan mako uku ya ci, da dare, bayan na gama karatu, sau da yawa da fitilar waya a baki.

Fenti shi ne inda ake gane gwani. Masu hali a ƙasashen waje da ɗan famfon fesawa suke yi. Ni burushi gare ni, sai dai in tsarma fentin ya yi ruwa-ruwa, in shafa sau huɗu ko biyar, kowane shafi ya bushe kafin na gaba. Kuma na yi aikin ne da hunturu a Samaru, lokacin da fenti yake bushewa tun yana bakin burushi, ƙura kuma tana jiran ka ɗaga hannu ta sauka. Da kwanon cin abincina nake kife ta. In an gama, sai ta fito fes, launi ɗaya, kamar abin wasan da aka saya a kanti, daga nan ne kuma aikin gaskiya yake farawa, watau tsufar da ita. A tsarma baƙin fenti da ja har ya zama kamar ruwan shayi, a ɗiga a gindin kowace ƙusa ya kwanta ya yi inuwa. A shafi fenti mai haske a goge burushin a tsumma har ya kusa bushewa, a bi kan kusurwoyi. A goga bakin fensir inda takalma da hannuwa suke yawan taɓawa, ƙarfe ya yi ƙyalli. Ashe ƙusoshin nan da suka zame wa sojoji bala'i, su ne abin da ya fi kyau a idon mai fenti. Wannan ya daɗe yana damuna.

Da na zo kan fage sai na yi karo da wata al'ada ta masu wannan aiki. Suna ƙaunar taɓo. Duk wanda aka ce masa Boma, sai ya dama filasta da fenti ya lafta wa tanka har wuya. Amma Fabrairu rani ne a Arakan, damina ba ta sauka sai wajen Mayu ko Yuni. Sinzweya kuwa busassun gonakin shinkafa ne da tuddai suka kewaye, abin da ya dami mutanen ciki ƙura ce da ƙudaje. Saboda haka ƙura na nema, ita kuwa ba ta yi mini wuya ba. Sai dai akwai lissafi. Ƙwayar yashi mai kaurin milimita ɗaya, in ka ɗora ta a fage ta zama dutse mai santimita uku da rabi. Don haka ƙasar da na ɗebo a bayan ɗakin kwananmu sai da na daka ta, na tankaɗe da rariya, na sāke tacewa da tsohon ɗankwali, abin da ya fita kamar garin kwalli shi na barbaɗa a kan farin gam na kafintoci. Kunyoyin gona da kwali na tayar da su. Kututturen shinkafa da aka girbe zaren rama ne, na yayyanka na dasa tsumagiya-tsumagiya da matsefata, har na daina ƙirgawa. Gora kuma tsinken tsintsiyar kwakwa ne, na ɗaura masa zare a gaɓa-gaɓa, ganyen takarda.

Abokin kwanan ɗakina mutumin Barno ne, yana karatun lissafi. Duk tsawon makonnin nan bai taɓa cewa uffan a kan aikin ba, ni kuma na ɗauka rashin sha'awa ne. Ran da zan yi sawun sarƙa a kan ƙasa, tun gam bai bushe ba, sai ya taso daga gadonsa ya tsaya a kaina. Ya ce, "Malam, in kana so ta zama kamar ta juyo ne, kada ka yi sawu biyu sumul. Ba ta juyawa kamar mota. Ƙafa ɗaya take tsayarwa ɗayar ta ja, sai ta kankare ƙasa ta tara ta gefe guda kamar an yi huɗa." Ya karɓi tsinke ya nuna mini. Na tambaye shi inda ya sani. Ya ce yana da shekara 11 a 2014 sa'ad da suka bar garinsu da ƙafa, kuma kafin nan ya ga irin wannan huɗar a ƙofar makarantarsu. Ya ƙara da cewa abin da fagena ba zai taɓa nunawa ba shi ne tun kafin ka ji ƙararta kake jin ta a tafin ƙafarka. Daga nan ya koma ya kwanta.

Na san akwai masu cewa irin wannan aiki ƙawata yaƙi ne, kuma ban ce maganarsu ba ta da tushe ba. Kwalayen da ake sayarwa zanen jarumtaka ne a bayansu, ba jini, ba gawa, ba wanda ya bar gidansu da ƙafa. Amma ni abin da na gani shi ne, wanda ya yi wata uku yana bin mota ƙusa-ƙusa dole ya tambayi kansa su wa suka zauna a ciki, ina suka sa ƙafa, ta wace ƙofa za su fita in ta kama wuta. Mai kallon fim ba ya yin wannan tambaya. Huɗar da abokina ya yi da hannunsa tana nan a fagen, ban taɓa ta ba, ita ce kuma wurin da ya fi kowane gaskiya a kan katakon.

Da aka yi hutu na tafi da ita gida a cikin kwalin taliya. Kakata ta wajen uba, wadda muke kira Inna, ta sa aka kawo mata ita har kan tabarma. Ta juya ta, ta leƙa ƙarƙashi, ta tambayi ta wace ƙasa ce. Da na ce Boma sai ta ajiye. Ta ce, "Kai, ɗan nan, ai Baba ya je Boma." Na san da wannan sama-sama, kamar yadda kowa ya san akwai 'yan mazan jiya a danginsu, amma ban taɓa zama na tambaya ba. Na ce, "Inna, ko ya ba ku labarin irin wannan mota?" Ta yi dariya ta ce wace mota, shi da ya ce tun da suka shiga dajin kansa ne motar. Ta ce har ya rasu akwai wani wuri a tsakar kansa da gashi bai sāke fitowa ba, kuma in suna yara sukan taɓa wurin ya ce musu nan ne Sarkin Ingila ya zauna.

Wannan magana ita ta mai da ni laburare. A 1943 aka kafa Runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, da sojojin Nijeriya da Gwalkwas da Saliyo da Gambiya, daga baya kuma ta 82 ta biyo ta. Hausa ce harshen bariki tun kafin yaƙin, har ga waɗanda ba Hausawa ba. A daidai lokacin da ake ƙawanyar Sinzweya, Runduna ta 81 tana gabas da wurin, cikin kwarin kogin Kaladan, tana tsaron wannan gefe. Ba a tsara ta da tankoki ba. Da adda da diga suka sare hanya mai tsawon mil 75 cikin tuddai don ƙananan motoci su bi, bayan wannan kuma daga sama ake jefo musu komai, daga inda ya faɗo kuwa sai kai. Akwai rukunoni na musamman a cikin rundunar waɗanda aikinsu ke nan, sojoji ne masu lamba da albashi, amma dako suke yi: harsashi, abinci, rediyo, marasa lafiya. Su ne suka sa rundunar take ratsa inda alfadari ma ba ya iya bi. Wani hafsan Ingila da ya yi yaƙin tare da su, John Hamilton, ya rubuta tarihinsu a littafinsa War Bush a 2001. Birged ɗaya ta 'yan Nijeriya kuma an ware ta aka haɗa da mayaƙan Chindit, waɗanda marigayi Biyi Bandele, ɗan Kafanchan, ya gina littafinsa Burma Boy a kansu a 2007.

Abin da ya fi kama ni shi ne tambarinsu. Na Runduna ta 81 baƙin gizo-gizo ne a kan rawaya, watau Anansi na tatsuniyoyin Asante, wanda ba kowa ba ne illa ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi. Na ta 82 kuwa māsu biyu ne a gicciye, sun ratsa ta cikin gammo. Gammo dai da ka sani, na tallar ruwa da itace. Sunayen wuraren da suka yi yaƙi kuma suna nan muna faɗinsu kullum ba mu san Boma muke ambata ba: barikin Dodan da na Myohaung da na Arakan a Ikko, na Letmauk a Badun, na Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, ga kuma na Chindit nan Zariya, wanda muke wucewa ta gabansa in za mu shiga Sabon Gari.

Nan fa shawara ta tashi. Wani abokina na sashen zane-zane ya ce abin ai mai sauƙi ne, in yi mutum ɗaya baƙi da kaya a ka in tsayar da shi a gefen tankar, shi ke nan na saka kakana a tarihi. Ya ce zane ba rantsuwa ba ne, kuma duk jami'ar nan wa zai tashi ya ce ƙarya ne? Na yi kwanaki ina juya maganar, don ta yi mini daɗi. Amma ban yarda ba. Mutanen Kaladan ba su kasance a Sinzweya ba, tuddai da dazuzzuka ne a tsakaninsu, kuma ko da tazarar kilomita 35 ce kacal, in zan bi ma'aunina sai na nemo katako mai tsawon kilomita guda. Ban da wannan ma, in na jingina shi da tanka, na ce ke nan darajarsa ba ta fitowa sai a inuwar ƙarfen wani, alhali kuwa abin mamaki game da su shi ne sun yi nasu yaƙin ba ƙarfen. Abokina ya ce taurin kai ne irin na masu nazarin nahawu. Har yanzu ba mu shirya a kan wannan ba.

Sai na sayi katako na biyu. Wannan ba fili a cikinsa, gangaren tudu ne mai tsayin taƙi ɗaya, da 'yar hanya wadda mutum ɗaya kaɗai zai iya bi, da ƙyallen laimar jirgi a maƙale a kan gora. Wahalar ita ce mutanen. A duk jerin kayan kamfanonin da na bincika, sojan Jamus kala-kala ne, har da mai aske gemu da mai cin abinci, amma ban ci karo da sojan Afirka ta Yamma ko ɗaya ba. Dole na sayi sojojin Ingila na yi musu tiyata. Na kankare hancin da reza na sāke gina shi da ƙullun roba, na yi musu malafa mai faɗin baki, na yanka adda daga gwangwanin lemo. Fentin da Tamiya take kira launin fata, mai lamba XF-15, launin cikin gwaiba ne. Ba fatar kowa ba ce a unguwarmu. Sai da na haɗa ƙasa-ƙasa mai lamba XF-10 da ɗigon baƙi da ɗigon ja, ina gwadawa a bayan hannuna, har na daina ganin inda fenti ya tsaya fata ta fara. Gizon kafaɗa kuwa bai kai milimita biyu ba, da tsinin ƙayar aduwa na ɗiga shi, ƙafafu takwas ɗin sai wanda ya yarda da ni.

Inna ba ta son mutum-mutumi a ɗaki, ta kuwa gaya mini ba ɓoye-ɓoye. In za ta yi salla a inda suke sai ta kife su da faifai. Amma ita ce ta duba na farkon da na gama siffantawa, kafin in manna masa kaya, ta ce wannan bai taɓa ɗaukar ko tulu ba. Sojan Bature a baya yake goya kayansa, shi ya sa duk 'yan robar nan a sunkuye aka yi su, wuya a miƙe gaba. Mai ɗauka a ka kuwa wuyansa a tsaye yake kyam, haɓa a ɗan ɗage, idonsa ne kawai yake sauka ya duba hanya, in zai hau tudu gwiwa ce take lanƙwasa, baya ba ya lanƙwasa. Ta tashi da tsufanta ta ɗora ƙwarya ta taka mini daga bakin ƙofa zuwa gindin rijiya. Saboda haka kowane ɗaya sai da na yanke shi a wuya da ƙugu da gwiwa, na sa waya a ciki na miƙar da shi. Gammon ma ita ta nuna mini yadda ake naɗa shi, a murɗe tsumma tukuna sa'an nan a nannaɗe, a cusa bakin a ƙarƙashi. Da zaren ɗinki na yi nawa, a kan tsinin allura, sau tara kafin ɗaya ya zauna.

Yanzu biyu sun tsaya a kan gangaren, na gaba da akwatin harsashi, na bayansa da buhu. Na ukun yana jiran ƙullun roba, wanda ya ƙare, sai Kawu ya sāke tafiya. In Allah ya kai mu Makon Hausa na ƙungiyarmu zan ajiye fagagen biyu a bakin zauren taro, kowane a kan teburinsa, da tazara a tsakani. Ina roƙon malamai da 'yan'uwa ɗalibai, duk wanda yake da sunan da ya fi "kan tanka mai juyawa" da "sarƙar ƙafa" dacewa, ko wanda ya taɓa jin yadda 'yan Boma da kansu suke kiran waɗannan abubuwa, ya rubuto a takarda ya ajiye a gefen katakon. A dai yi haƙuri kada a taɓa gorar, gam ɗinta ba shi da ƙarfi.